Brick Lane: Yadda gidajen giyar inabi da na abincin zamani ke sauya unguwar Musulmi a Landan

Duk wanda ya fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Aldgate East da ke gabashin birnin Landan, ya miƙe arewa da ƙafa, cikin 'yan mintoci zai samu kansa a titin Brick Lane. Abin da zai fara tarbarsa shi ne ƙamshin soyayyiyar albasa da kori, da allunan sunayen tituna waɗanda aka rubuta da Turanci da kuma harshen Bengali. Idan ya ɗan ƙara gaba zai iske masallaci a kan kusurwa, da doguwar hasumiya ta ƙarfe a gefensa. Daga nan kuma sai ya hango bututun hayaƙin wata tsohuwar masana'antar giya. Da ya wuce ta, sai ya ji tamkar ya shiga wani gari daban: shagunan gwanjo masu ɗan karen tsada, gidajen shan gahawa, da ƙananan mashaya masu dusashewar fitila, inda ake sayar da giyar inabi kofi-kofi.

Tsawon titin bai fi kilomita ɗaya da 'yan kai ba, amma rayuwa iri biyu ce ke gogayya a kansa. Ƙaramar hukumar Tower Hamlets, wadda titin ke cikinta, ita ce ta fi kowace yawan kason Musulmi a Ingila da Wales. Ƙidayar shekarar 2021 ta nuna su ne kashi 39.9 cikin 100 na mazauna, yayin da 'yan asalin Bangladesh suka kai kashi 34.6. Duk da haka, a yau titin da unguwar Shoreditch da ke maƙwabtaka da shi suna cikin wuraren da mujallun yawon buɗe ido ke tura masu neman mashaya da abincin 'yan gayu.

Yaya aka yi haka ta faru? Wa ke samun riba, wa kuma ke tattara komatsansa? Amsar ta fi kusa da lissafin kuɗin haya fiye da abin da ke cikin kofi, kuma lissafi ne da duk mai shago a gidan wani zai gane.

Titin da ya saba da baƙi

Sunan titin ya samo asali ne daga sana'ar buga bulo, wadda aka yi a wurin tun ƙarni na 15. Kasancewar yana wajen tsohuwar ganuwar Landan, kuma kusa da tashar jiragen ruwa, sai ya zama masaukin duk wanda ya shigo ƙasar ba shi da komai.

Bayan da Sarki Louis na 14 na Faransa ya soke dokar da ta bai wa Kiristoci mabiya ɗarikar Furotesta kariya a shekarar 1685, dubbansu suka tsallako suka zauna a nan, suka kafa masaƙun siliki. Daga shekarun 1880 kuma Yahudawan da ke gudun kisan gilla a daular Rasha suka cika unguwar, suka rungumi ɗinki da gasa burodi. Har yanzu akwai gidan burodinsu na Beigel Bake a ƙarshen titin ta arewa, wanda ba ya rufewa dare da rana.

Bayansu sai mutanen Bengal, galibinsu daga yankin Sylhet na ƙasar Bangladesh ta yanzu. Na farkonsu ma'aikatan jiragen ruwa ne. Adadinsu ya ƙaru daga shekarun 1950, ya kuma bunƙasa bayan yaƙin neman 'yancin Bangladesh na 1971, lokacin da magidanta suka riƙa ɗauko iyalansu. Yawancinsu sun fara ne da aikin ɗinkin tufafi da rigunan fata a ƙananan masana'antu.

Gini guda ya tattara wannan tarihi. An gina shi a 1743 a matsayin cocin Furotestan Faransa, daga baya ya koma hannun mabiya ɗarikar Methodist, a 1898 ya zama wurin ibadar Yahudawa, sannan a 1976 al'ummar Bengali suka saye shi suka mayar da shi masallacin Juma'a.

Zaman bai zo musu da sauƙi ba. A shekarun 1970 'yan wariyar launin fata sun sha kai musu hari. Ranar 4 ga Mayun 1978 aka kashe wani matashi ma'aikacin ɗinki mai suna Altab Ali a kan hanyarsa ta komawa gida. Kwana 10 bayan haka, kimanin mutum 7,000 suka yi tattaki a bayan makararsa har zuwa fadar Firaminista. A yau akwai dandalin shaƙatawa da ke ɗauke da sunansa a kusa da bakin titin. Saboda haka idan ɗan Bengali ya ce Brick Lane tasu ce, yana magana ne a kan wurin da iyayensa suka tsaya wa da jininsu.

Zamanin gidajen kori

Da masana'antun ɗinki suka fara durƙushewa saboda shigowar tufafi masu araha daga ƙasashen waje, sai mutanen suka koma sana'ar abinci. Ba baƙon abu ba ne gare su, domin mafi yawan gidajen da Turawan Birtaniya ke kira na abincin Indiya, a zahiri 'yan Bangladesh ne ke da su. Abincin ya shiga ran Turawa har ta kai a 2001 Sakataren Harkokin Wajen ƙasar na lokacin, Robin Cook, ya bayyana wata miyar kaza da ake dafawa a irin waɗannan gidaje a matsayin abincin ƙasa.

A 1997 aka fara tallata kudancin titin da sunan Banglatown, wato garin Bengali, aka kafa wata ƙofa mai ado a bakinsa, aka yi wa turakun fitilu fenti da launin tutar Bangladesh. Dabarar ta yi aiki. Ma'aikatan bankunan tsakiyar Landan, waɗanda ofisoshinsu ba su wuce tafiyar minti 10 ba, suka riƙa tururuwa da daddare. Zuwa tsakiyar shekarun 2000, gidajen kori a titin da kewayensa sun kai 60.

Sai dai wani rahoto da cibiyar bincike ta Runnymede Trust ta fitar a 2020 ya nuna cewa zuwa farkon wannan shekara saura 23 kacal, raguwar kashi 62 cikin 100 ke nan a cikin shekara 15. Wannan kuwa tun kafin annobar korona ta tilasta rufe gidajen abinci a watan Maris na shekarar.

Dalilan suna da yawa. Gidajen sun yi wa juna yawa, abincinsu kusan iri ɗaya, har ta kai kowanne na ajiye yaro a bakin ƙofa yana janyo masu wucewa da alkawarin rangwame. Dokokin shige da fice sun tsananta, ɗauko ƙwararren kuku daga gida ya zama aiki. 'Ya'yan da aka yi wahalar domin su sun yi karatu, sun zama lauyoyi da likitoci da akantoci, ba su sha'awar tsayuwa a gaban murhu har ƙarfe 2 na dare. Amma babban dalilin da ya shafe sauran shi ne tsadar wurin zama, kuma ita daga arewa ta gangaro.

Daga ina masu kuɗin suka ɓullo?

Shoreditch, wadda ke arewa maso yamma da Brick Lane a ƙaramar hukumar Hackney, a da unguwar kafintoci ce da rumbunan ajiyar kaya. Zuwa shekarun 1980 yawancin rumbunan sun zama kufai. Arahar haya ta janyo matasa masu zane-zane da mawaƙa a farkon shekarun 1990, suka mayar da su ɗakunan aiki da na kwana. Inda matasa suka taru kuwa, sai gidajen rawa da mashaya su biyo baya, daga nan sai 'yan jarida su fara rubutu, sai kamfanonin talla da na ɗinkin zamani su zo neman ofis.

Bayan 2008 ƙananan kamfanonin fasahar intanet suka taru a kewayen shataletalen Old Street, kuma a watan Nuwamban 2010 Firaminista David Cameron ya sanar da shirin mayar da yankin cibiyar fasaha. A wannan shekarar aka buɗe sabuwar tashar jirgin ƙasa ta Shoreditch High Street, wadda ba ta da nisa da arewacin Brick Lane. Shekara guda bayan haka aka buɗe Boxpark, rukunin shaguna da aka harhaɗa da kwantenonin jiragen ruwa.

Cikin shekara 20 unguwar ta cika da matasa masu albashi mai tsoka, waɗanda yawancinsu ba su da iyali, ba su cika girki a gida ba, kuma a shirye suke su kashe kuɗi kowane dare. Su ne kasuwar da gidajen giyar inabi suka zo nema.

Mene ne ake sayarwa a waɗannan wurare?

Giya ba baƙuwa ba ce a Brick Lane. Masana'antar Truman ta shafe fiye da shekara 300 tana dafa ta a tsakiyar titin, har a shekarun 1870 aka lissafa ta a matsayin mafi girma a duniya, kafin ta rufe a 1989. Gidajen kori da dama su ma suna sayar da ita ga Turawan da ke cin abincinsu. Abin da ya sauya shi ne nau'in abin shan, da farashinsa, da kuma irin mutanen da ke saye.

Gidan giyar inabi ya bambanta da mashayar gargajiya ta Ingila, inda ake tsayuwa ana kwankwaɗar manyan kofuna ana kallon ƙwallo. Shi ƙarami ne, ba ya ɗaukar mutane da yawa. Akan rubuta abin da ke akwai a allo ko 'yar takarda, a sauya shi kusan kowane mako. Akwai ma'aikaci na musamman da aikinsa shi ne bayyana wa baƙo gonar da inabin ya fito, da shekarar da aka girbe shi, da sunan manomin. Abincin kuwa ƙananan faranti ne da ake ci tare: cuku, zaitun, burodi, kifi, da busasshen nama.

Abin da ya fi tashe a yankin shi ne wadda suke kira giyar inabi ta asali, wato wadda aka yi da inabin da ba a yi wa feshi ko takin zamani ba, aka bar shi ya tsimu da kansa, ba tare da an zuba masa yis na kamfani ko sinadarin hana lalacewa mai yawa ba. Wasu manoman yankin Beaujolais na Faransa ne suka farfaɗo da wannan hanya a shekarun 1980. A 2012 wata Bafaransa ƙwararriya a fannin, Isabelle Legeron, ta fara shirya bajekolin irin wannan giya mai suna RAW, kuma a harabar tsohuwar masana'antar Truman aka yi shi. A 2013 aka buɗe Sager + Wilde a titin Hackney Road, wanda ya yi suna wajen sayar da kwalabe masu tsada kofi-kofi, ta yadda mai matsakaicin ƙarfi zai iya ɗanɗanawa. Wasu da dama suka kwaikwayi salon.

Manyan gidajen abinci su ma sun kafu a gefe guda. St. John Bread and Wine ya buɗe a 2003 daura da kasuwar Spitalfields, kuma ya shahara da dafa kowane sashe na dabba, har da kayan ciki da ƙashi. The Clove Club ya buɗe a 2013 a cikin tsohon ginin majalisar Shoreditch. Lyle's ya biyo baya a 2014 a wani tsohon ginin da kamfanin Lipton ya taɓa amfani da shi. Sai Brat, wanda aka buɗe a 2018 a titin Redchurch, inda ake gasa kifi sukutum a kan garwashin itace irin na yankin Basque na Sifaniya.

Uku na ƙarshen nan duk sun samu tauraron Michelin. Kamfanin tayoyin mota na Faransa da direbobinmu suka sani shi ne ke bayar da wannan lambar yabo. Tun 1900 ya fara buga littafin jagora ga matafiya domin su yawaita tuƙi, tayoyinsu su cinye, su sayi sababbi. Daga 1926 ya fara bai wa gidajen abinci taurari. A yau tauraro guda ya isa ya sa a cika gidan abinci na tsawon makonni, ya kuma sa masu gidajen da ke layin su sake duba takardun hayarsu.

Ribar tana cikin kwalba

Duk mai sana'ar abinci ya san cewa ribar faranti ba ta da yawa. Sai an sayi kayan miya, an biya kuku da mai wanke-wanke, an ƙona gas, sannan abin da bai ƙare ba a zubar. Ita kuwa kwalba, buɗe ta kawai ake yi, kuma muddin ba a buɗe ta ba za ta iya shekara a kan kanta.

Al'adar 'yan sana'ar a Birtaniya ita ce su sayar da kwalba a kan ninki uku na abin da suka saro ta, ko fiye. Kwalba ɗaya mililita 750 ce, ƙaramin kofi kuwa a doka mililita 125 ne, ke nan kofi shida ke fita. A ce mai mashaya ya saro kwalba a kan fam 12, ya sayar da kowane kofi fam 8. Ya tara fam 48. Idan ya cire harajin VAT na kashi 20 cikin 100, saura fam 40. Ya cire uwar kuɗi, ya tashi da fam 28 daga kwalba guda, ba tare da ya kunna murhu ba. Mutum biyu na iya shanye wannan kwalba cikin awa ɗaya a kan tebur ɗin da bai fi faɗin faifai biyu ba.

A nan ne gasar ta daina zama tsakanin abinci da abinci, ta koma tsakanin 'yan haya. Mai gida ba ruwansa da abin da ake dafawa. Wanda zai fi biya yake nema. Yarjejeniyar hayar shaguna a Ingila ta saba ƙunsar sharaɗin sake duba kuɗin haya duk bayan shekara biyar, kuma a bisa al'ada sama yake yi, ba ya sauka. Ma'aunin da ake bi shi ne abin da maƙwabta ke biya. Saboda haka idan mashaya ɗaya ta karɓi shago a kan farashi mai tsada, ta ɗaga wa duk layin ke nan.

Bayan haya kuma akwai harajin wuraren kasuwanci, wanda ake lissafa shi bisa darajar hayar wurin. Da aka sake kimanta darajar gine-gine a 2017, gabashin Landan na cikin yankunan da ƙarin ya fi yi wa nauyi. Mai gidan korin da farashin farantinsa bai motsa sosai ba, sai ya wayi gari haya ta hau, haraji ya bi ta.

Ga Musulmi mai gidan abinci, lamarin ya haɗa da tambayar da ta fi ta kuɗi nauyi, domin addininsa ya haramta masa sha da sayarwa. Wasu sun rufe ido suna sayarwa. Wasu ba sa sayarwa, amma suna barin baƙo ya shigo da tasa, kamar yadda gidan Tayyabs na 'yan asalin Pakistan da ke Whitechapel, wanda aka kafa a 1972, ya daɗe yana yi. Wasu kuma sun hana gaba ɗaya, sun haƙura da wannan riba. Matasan da suka taso yanzu sun ɓullo da wata dabarar: gidajen gasasshen naman halal, da na kayan zaƙi, da na shayin madara mai kayan ƙamshi, inda haɗaɗɗen lemon 'ya'yan itatuwa ke cike gurbin da kwalba ke cikewa a wasu wuraren.

Su ma sababbin zuwan ba su tsira ba. Lyle's ya rufe a 2025 bayan shekara 11, duk da tauraronsa. Idan unguwa ta yi tsada, ba ta tambayar wanda ya tsadar da ita.

Rikicin masana'antar Truman

Ɓacin ran mazauna ya fara fitowa fili a watan Satumban 2015, lokacin da masu zanga-zanga suka watsa wa wani shago mai suna Cereal Killer Cafe fenti. Shagon a lokacin ya shahara da sayar da hatsin karin kumallo na kwali da madara, kwano guda sama da fam 3, a ƙaramar hukumar da ke cikin waɗanda suka fi yawan yara masu rayuwa cikin talauci a ƙasar. Mutane da yawa sun yi tir da harin, suna cewa ƙaramin ɗan kasuwa aka far wa, aka bar masu gine-gine.

Babbar takaddamar ita ce ta harabar Truman. Iyalan Zeloof sun sayi wurin a 1995, suka mayar da shi kasuwanni da ofisoshi da wuraren bajekoli, abin da ya taimaka ƙwarai wajen janyo jama'a zuwa titin. Daga baya suka nemi izinin gina bene mai hawa biyar na ofisoshi da shaguna a wani sashe na filin. Sama da mutum 7,000 suka rubuta takardun ƙin amincewa, suna cewa unguwar gidaje masu sauƙin haya take buƙata, kuma sabon ginin zai ƙara tsadar shaguna. Masu goyon baya kuwa suka ce filin ajiye motoci ne kawai, gina shi zai samar da ayyukan yi.

A watan Satumban 2021 kwamitin ƙaramar hukumar ya amince da ƙuri'a 2 da 1. Wata ƙungiyar kare tsofaffin gine-ginen Spitalfields ta garzaya kotu tana ƙalubalantar yadda aka kaɗa ƙuri'ar, shari'ar ta kai har Kotun Ƙoli, wadda ta yi watsi da ƙarar a watan Maris na 2025.

Hukumomi dai sun yi ƙoƙarin rage yawan mashaya saboda koke-koken hayaniya da fitsari a lunguna. Tun 2013 Tower Hamlets ta ayyana Brick Lane a matsayin yankin da sai mai neman sabon lasisin sayar da giya ya gamsar da ita cewa ba zai ƙara matsala ba. Hackney kuma a 2018 ta tsara cewa sababbin wurare su rufe da ƙarfe 11 na dare a ranakun aiki, da 12 a ƙarshen mako, sai dai in sun kawo hujja. Abin lura shi ne, irin waɗannan ƙa'idoji sun fi takura gidajen rawa masu kwana a buɗe. Ƙaramin gidan giyar inabi da baƙinsa ke zaune suna cin abinci, su tashi da wuri, ya fi sauƙin tsallake su.

Abin da baƙo Musulmi ya kamata ya sani

Ma'aikacin da aka tura kwas Landan, ko ɗan kasuwar da abokan hulɗa suka gayyata cin abincin dare a wannan yanki, zai amfana da sanin wasu 'yan abubuwa.

Na farko, kalmar halal a jikin gilashi ba ta nufin babu giya a gidan. Sau da yawa nama kawai take nufi. Gidan Dishoom na Shoreditch, alal misali, ya ce kazarsa da naman ragonsa na halal ne, amma yana sayar da giya, yana kuma da naman alade a jerin abincin karin kumallo. Mai son kwanciyar hankali ya nemi takardar shaidar hukumomin tantancewa irin su HMC ko HFA, ya kuma yi tambaya.

Na biyu, a manyan gidajen abincin Turai ana yawan zuba giyar inabi a cikin romo da miya, da shinkafar Italiya da ake kira risotto, da kayan zaƙi irin su tiramisu. Dafuwa ba ta ƙone barasar duka. Haka nan sunaye irin su pancetta da lardo da nduja da chorizo da jamón, duk naman alade ne. Tambayar ma'aikaci abin da ke cikin abinci ba abin kunya ba ne a can. Sun saba da ita.

Na uku, abin shan da aka ce ba shi da barasa hawa-hawa ne. A ƙa'idar Ingila, wanda aka rubuta wa babu barasa bai kamata ya wuce kashi 0.05 cikin 100 ba, wanda aka ce an cire masa barasa kan kai 0.5, mai ƙarancin barasa kuwa har 1.2. A duba lambar da ke jikin kwalba.

Na huɗu, yawancin gidajen na ƙara kuɗin hidima na kashi 12.5 cikin 100 a kan lissafi, da dama kuma kati kawai suke karɓa. Wanda ke son abinci ba tare da wannan taka-tsantsan ba, ya gangara kudu zuwa Whitechapel Road, inda babban Masallacin Gabashin Landan yake tun 1985, kewaye da gidajen abincin da su kansu mutanen unguwar ke ci.

Mai haya da mai gida

Labarin Brick Lane ba zai zama baƙo ga wanda ya san Wuse 2 a Abuja ba, inda gidajen kwana da ke kan titunan Aminu Kano da Adetokunbo Ademola suka rikiɗe zuwa gidajen abinci da wuraren shaƙatawa, haya kuma ta fi ƙarfin mazaunan farko. Tsarin ɗaya ne. Masu ƙaramin ƙarfi ke shiga wurin da kowa ke gudu, su share shi, su yi masa suna, su janyo masa jama'a. Idan sunan ya kai kunnen masu kuɗi, sai darajar da aka tara ta zauna a jikin bango, ba a aljihun wanda ya tara ta ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba a ce duk sauyi asara ba ne. Sababbin wuraren sun kawo ayyukan yi, sun raya gine-ginen da suka kusa rushewa, titin kuma ya fi aminci a kan yadda yake a 1978. Wanda ya mallaki gininsa tun yana araha, yau shi ke da zaɓi: ya ci gaba da sana'arsa, ko ya bayar haya ya huta. Wanda ya shafe shekara 30 yana biyan haya kuwa, ba shi da abin riƙewa sai allon sunan shago.

Gidajen kori 37 sun ɓace daga titin cikin shekara 15. Masallacin da ke kusurwar titin Fournier yana nan, ana kiran salla a cikinsa sau biyar a rana, mashaya na gabansa da bayansa. Bambancinsa da waɗancan shaguna shi ne, a 1976 mutanen da ke ɗinkin riguna a kan ladan da bai taka kara ya karya ba sun haɗa taro da sisi sun saye shi.